Tarihin Bushiya da Hujin Shanu a Ƙasar Haɗejiya

Duk wanda ya san ƙasar Haɗejiya ya san kogi shi ne uban arzikinta. Ruwan Kano da na Calawa su ne su ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, ya gangaro ta Wudil da Ringim, in ya iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai ya rarrabu rassa rassa, ya malale fadamu tun daga Auyo har Kirikasamma da Guri da Nguru, sa'an nan ya sadu da ruwan Jama'are su zama kogin Yobe, su nufi Tafkin Cadi. Ruwan ya kan cika wajen watan Agusta da Satumba. In ya janye sai ya bar wa manomi damshin shinkafa da kayan lambu, ya bar wa masunci kifi a tafkuna, ya bar wa makiyayi ɗanyar ciyawa a lokacin da jigawa ta bushe ƙayau. Saboda haka tun zamanin da, da kaka ta wuce sai garkunan shanu su gangaro fadama, waɗansu daga ƙasar Gumel da Damagaram, waɗansu daga Barno da Katagum, farare da jajaye, su yi rani a bakin ruwa. Gidan sarautar Haɗejiya ma daga Fulani makiyaya ya fito, gama Umaru da ƙanensa Sambo, waɗanda su ka kafa mulkin Fulani a ƙasar zamanin jihadi, 'ya'yan masu shanu ne.

Amma abin da ya ke tara dukiya wuri guda shi ya ke tara cuta. Inda garke ɗari su ka sha a mashaya ɗaya, in saniya guda ta zo da ciwo, kafin damina ta faɗi ya shiga kowane garke, kuma in an watse kowa ya tafi da rabonsa gida. Wannan shi ya sa labarin hujin shanu ya ke da girma a ƙasar, ya kuma kamata kowane ma'aikaci ya san yadda a ka yi masu dabbobi, waɗanda da su ke gudun allura su shige daji, su ka komo su na nemanta da ƙafarsu.

Shekarar Sannu

A cikin cututtukan shanu babu wanda ya kai bushiya ɓarna. Saniya ta kan fara da zazzaɓi, ta ƙi kiwo, idanu su yi ta zubar da ruwa, hanci ya yi majina, baki ya yi miki, sa'an nan zawo ya ɓarke mata, kafin kwana 10 ko 12 ta faɗi. Wadda ta tashi kuwa ciwon ba ya sake kama ta har ta mutu, kuma makiyaya sun lura da wannan tun da wuri.

Babbar annobar ta shigo Afirka a shekarar 1887, ta tashar jirgin ruwa ta Masawa a bakin Bahar Maliya, cikin shanun da sojan Italiya su ka kawo don abinci. Daga nan ta ci ƙasar Habasha, ta bi ta Sudan ta yi yamma, wajen 1890 zuwa 1891 ta iso ƙasashen Cadi da Barno da Hausa. Wani reshenta ya yi kudu, har ya kai ƙarshen Afirka ta Kudu a 1896 da 1897. A wurare da yawa cikin kowane shanu 10 sai da 9 su ka mutu, har ɓauna da waɗansu namun daji ba su tsira ba. A lokacin Sarki Muhammadu, wanda a ke kira Mai Shahada, shi ke sarautar Haɗejiya. Mutanen Arewa su ka sa wa annobar suna Sannu, domin ba abin da mutum ya ke iya yi wa ɗan'uwansa sai jaje.

Wanda bai san zaman Bafillace da saniyarsa ba, ba zai gane nauyin wannan masifa ba. Da nono a ke musayar hatsi, da saniya a ke sadaki, ita a ke ba jariri, ita a ke rabawa a gado, ita mutum ya ke ba ɗan'uwansa aro ya kafa garke. Mutumin da bara ya fitar da zakkar shanu, bana ya zama abin a ba shi. Da yawa su ka bar daji su ka zauna su ka kama fartanya, waɗansu su ka zama barorin masu hali, waɗansu hankalinsu ya gushe. Garkuna ba su gama farfaɗowa ba sai ciwon ya komo a 1913 da 1914, ya haɗu da fari da yunwar da a ke kira Kakalaba, ya sake komowa a 1919 da 1920. Watau cikin shekara 30 mutum ɗaya ya ga mutuwar garkensa sau uku. Yaran da su ka ga wannan da idonsu su ne su ka zama ardo-ardo da dattawan ruga a lokacin da huji ya zo.

Zuwan huji

Turawa sun ci Haɗejiya da yaƙi cikin watan Afrilu 1906, Sarki Muhammadu ya rasu a wannan yaƙi, a ka sa ƙasar cikin Lardin Kano. Gwamnati ta tarar da jangali, ta riƙe shi, ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin kuɗin Baitulmalin En'e. To, da ya ke kowace saniya da ta mutu ragi ce a jangali, ga kuma cinikin fata da ƙirgi da Turawa su ke so, sai hukuma ta ga lafiyar shanu ta shafe ta. An fara kafa ma'aikatar likitan dabbobi a Zariya, a 1924 a ka mai da ita Vom, kusa da Jos, inda a ka shiga haɗa maganin bushiya. Shekara guda bayan haka, a 1925, Sarki Usman ya hau gadon Haɗejiya, ya yi sarauta har 1950, kuma a zamaninsa ne huji ya bazu cikin lardunan Arewa.

Hujin farko mai wuya ne ƙwarai. Allura biyu a ke yi wa saniya lokaci guda: a gefe ɗaya a sa mata jinin dabba mai ciwon, a ɗaya gefen a sa mata ruwan jinin wadda ta warke, don ciwon ya kama ta kaɗan, ta tashi, ta sami kariya har mutuwa. Amma da ya ke ciwon gaske ne a ka sa mata, ta na iya shafa wa waɗansu, saboda haka dole a tsare garken a sansani makonni, har ya warke. Ciyawar wurin ta kan ƙare, nono ya ragu, raunana su mutu, wani lokaci kuma jinin da a ka yi allurar da shi ya zo da wata cuta dabam, kamar sammore. Makiyayi ya kawo shanu lafiyayyu, ya koma da su ramammu, waɗansu ma babu.

Ba a ce Fulani ba su san rigakafi ba. Tun kafin zuwan Bature su na da nasu na ciwon huhu: su kan yanki ɗan huhun saniyar da ciwon ya kashe, su tsaga fatar karan hancin lafiyayya su cusa, wurin ya kumbura, ya warke ya bar tabo. Don haka dabarar sa ƙaramin ciwo don a tsare babba ba baƙuwa ce gare su ba. Abin da ya sa su ka yi baya baya guda biyu ne. Na fari, hasarar da su ka gani a sansani. Na biyu, wanda ya fi girma, tsoron ƙidaya. Malamin huji da malamin jangali duk ma'aikatan En'e ne, duk da takarda da alƙalami su ke zuwa, duk da sunan Sarki da Hakimi su ke magana. Mutumin da ya ɓoye rabin garkensa da damina lokacin jangali, yaya zai fito da shi duka da rani a ƙirga a gaban hukuma? Ga kuma al'adar makiyayi, ba ya son a san adadin shanunsa ko da ba haraji. Sai ya zamana in an ji ana huji a gabas, garke ya yi yamma, wani ma ya ƙetare iyaka ya shiga ƙasar Faransa, wadda ba ta da nisa da arewacin Haɗejiya.

Yadda zukata su ka juyo

Dogari ya na iya tara mutane, amma ba ya iya bin kowace saniya cikin fadama. Abin da ya juyo da masu shanu shi ne abin da idonsu ya gani. In bushiya ta faɗo wa mashaya, sai a ga garken da a ka yi wa huji ya na kiwo lafiya lau, na kusa da shi ya na zubewa. Gani ya kori ji. Makiyayi ba ya bukatar a karanta masa takarda a kan wannan, kuma labari irin wannan ya kan riga mai doki isa ruga, ta bakin mata masu tallar nono da 'yan kasuwar shanu.

Sa'an nan maganin kansa ya gyaru. Wani likita, Edwards, ya yi aiki a ƙasar Hindu cikin shekarun 1920, ya riƙa sa ciwon a jikin awaki, daga wannan zuwa waccan, har ƙarfinsa ya ragu. Daga wajen 1940 irin wannan magani na awaki ya maye gurbin allura biyu a Nijeriya, a ka riƙa haɗa shi a Vom. Allura ɗaya ce, ba a tsare garke makonni, mutuwa kuma ta ragu ƙwarai, ko da ya ke saniya ta kan yi ɗan zazzaɓi. Da wahalar ta ragu sai masu zuwa su ka ƙaru.

Kasuwa ma ta taimaka. Hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta bi ta Malam Madori ta isa Nguru a 1930, a ka shiga ɗaukar shanu da gyaɗa da fatu zuwa Kudu, kuma hukuma ta riƙa duba lafiyar shanun fatauci a kan hanyoyinsu. Falke ba ya son ya zuba kuɗinsa a kan sa da zai mutu a hanya, saboda haka dabbar da a ka san an yi mata huji ta fi saurin samun mai saye. Haka kuma daga wajen 1928 ma'aikatar gona ta fara koya wa manoma huɗa da garmar shanu. Manomin da ya ci bashi ya sayi bijimai biyu, lissafinsa ya bambanta da na mai garke 100, domin in ɗaya ya mutu nomansa na shekara ya tsaya, bashi kuwa na nan. Irin wannan manomi ba a roƙonsa ya kawo shanunsa.

Akwai kuma hannun shugabanni. Inda Hakimi ya kira ardo ya yi shawara da shi, a ka zaɓi wuri mai ruwa da ciyawa, a ka sa rana wadda ba ta ci karo da tashin ruga ba, ardo kuma ya fara gabatar da nasa garken, sauran su kan biyo. Inda a ka aika da umurni kawai, a kan tarar da kufai.

Babban gangami na 1962

Bayan samun mulkin kai, a zamanin Sarki Haruna, wanda ya yi sarauta daga 1950 zuwa 1984, manyan likitocin dabbobi na ƙasashen Afirka su ka taru a Kano a 1961, su ka yarda cewa ƙasa ɗaya ba ta iya kashe bushiya ita kaɗai, tun da saniya ba ta san iyaka ba. A 1962 a ka fara gangamin da a ke kira JP15 a ƙasashe huɗu na kewayen Tafkin Cadi, watau Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, da niyyar a yi wa kowace saniya allura kowace shekara har shekara 3. Ƙasar Haɗejiya ta na cikin yankin da a ka fara da shi. Allurar kyauta ce, ma'aikata su ke bin makiyaya da mota har inda su ke, kuma duk dabbar da a ka yi wa sai a huda mata kunne, don a gane ta baɗi.

A wannan zamani ne kuma maganin da Walter Plowright ya haɗa a Muguga ta ƙasar Kenya ya shigo hannu. Wannan bai sa saniya ciwo, allura ɗaya ta isa har mutuwa, aibinsa ɗaya shi ne ba ya jure zafi, sai an riƙe shi cikin ƙanƙara. Dalilin maimaitawa kowace shekara kuwa shi ne 'yan maruƙa: ɗan maraƙi ya na shan kariya daga nonon uwarsa, wadda ta ke hana allurar kama shi, sai ya yi watanni kariyar ta gushe, sa'an nan ya zama abin tsoro in ba a yi masa tasa ba. Gangamin ya ci gaba zuwa sauran ƙasashen yamma da gabas har 1976, bushiya ta yi ƙasa ƙwarai, har mutane su ka ɗauka ta tafi ke nan.

Sakaci da abin da ya haifar

A nan ne darasi mafi ɗaci ya ke. An bar wa kowace ƙasa ta ci gaba da yi wa maruƙan kowace shekara allura, amma da ciwon ya ɓace sai himma ta yi sanyi ta kowane gefe. Kuɗin aikin ya ragu, motoci da na'urorin sanyi su ka lalace, fari na 1972 zuwa 1974 ya watsa garkuna. A 1976 a ka yi gyaran ƙananan hukumomi, tsarin En'e ya ƙare. Samarin makiyaya kuma, waɗanda ba su taɓa ganin bushiya ba sai a bakin kakanni, ba su ga dalilin kora shanu tafiyar yini don ciwon da babu shi ba. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, wadda Haɗejiya ta ke ciki a lokacin, watau tsohon dalilin gudun ƙidaya ya kau. Duk da haka wannan bai cika wuraren allura ba, domin tsoron ciwon ma ya kau.

Alhali kuwa cutar ta na nan a ɓoye, a yankin iyakar Mali da Muritaniya, da kuma kudancin Sudan da Habasha. Daga 1980 ta fara bayyana a Nijeriya ta wajen Sakkwato, a 1983 wata ta shigo ta Barno daga Cadi, ta bi hanyoyin fatauci da mashaya ta game Arewa. Ta tarar da garkuna cike da shanun da ba a taɓa yi wa allura ba, ta yi musu kisan da a ka ƙiyasta hasararsa a Nijeriya da kimanin dala miliyan dubu 2. Mutanen da a da a ke bi ana lallashi, su ne su ka riƙa cika ofisoshin likitan dabbobi su na neman magani ko nawa ne, maganin kuwa bai wadata ba. An sake ɗaura ɗamara, a 1986 a ka kafa wani gangami na Afirka duka, kuma tun daga 1987 ba a sake ganin bushiya a Nijeriya ba.

Ƙarasa ta a sauran wurare ya zo ne da dabara biyu. Wajen 1990 a ka sami yadda za a busar da maganin Plowright ya jure zafi har makonni ba ƙanƙara. Sa'an nan a kudancin Sudan da ƙasar Afar ta Habasha, inda mota ba ta shiga, a ka koya wa makiyaya kansu yin allurar, dattawansu su ka zaɓi waɗanda za a koya wa, su ka bi 'yan'uwansu a ƙafa. Abin da ma'aikata da motoci su ka kasa, 'ya'yan ruga su ka gama shi, domin an san su, an san iyayensu. An ga ciwon na ƙarshe a Kenya a 2001, kuma a 2011 a ka yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya. Ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya kawar, bayan agana.

Abin da tarihin ya nuna

In an auna wannan labari tun daga Sannu, za a ga dalilan da su ke sa mai dabba ya kawo ta da kansa ba su da yawa, kuma ba su sake ba. Na fari, ya san ciwon, ya kuma ji tsoronsa, ko don ya gani ko don wanda ya yarda da shi ya gani. Na biyu, ya tabbata maganin ya na aiki, bai lalace a rana ba, bai kuma fi ciwon ɓarna ba. Allura guda da ta ɓaci ta na korar ƙauye guda shekaru. Na uku, wahalar zuwa ba ta fi ƙarfinsa ba, gama ko an ce kyauta ne, tafiyar yini da ragin nono da kwanan daji duk biya ne. Na huɗu, ya amince ba za a juya ƙidayar ta zama haraji ko tara ko wata tuhuma ba. Na biyar, ya ga riba a kasuwa ko a gona. Na shida, maganar ta zo ta bakin wanda ya ke jin nauyinsa, ardo ko mai unguwa ko maƙwabci. Tilas ta kan kawo shanun da ke kusa da hanya, shekara ɗaya. Waɗannan shida su ne su ke kawo na cikin fadama, kowace shekara.

Fadamar kanta ta sake kama. Tun da a ka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, malalar ruwa ta ragu a wurare, kacala ta toshe waɗansu rassan kogi, gonakin rani su ka ci makiyaya da burtali, dabbobi su ka ƙara matsuwa a 'yan mashayan da su ka rage. Haɗejiya ta koma cikin Jihar Jigawa tun 1991, kuma kasuwar Maigatari ta na tara dabbobi daga Nijar da Nijeriya kowace Alhamis. Bushiya ta tafi, amma ciwon huhu na nan, da harbin daji, da ciwon saifa, da kuma annobar awaki da tumaki mai kama da bushiya, wadda a ka fara ganewa a 1942, hukumomin duniya kuma su ka sa 2030 ta zama shekarar kawar da ita. Wannan ta ƙarshe ta fi shafar mata, domin akuya da tunkiya su ne asusun mace a karkara, kuma wanda ya tsaya a ƙofar gida ya yi magana da maigida kaɗai, bai isa ga mai dabbar ba.

Saboda haka hakimai da dagatai da masu unguwa da malaman dabbobi, waɗanda su ka gaji aikin ma'aikatan En'e na da, ya kamata su riƙe abin da shekarar 1983 ta koyar: lokacin da ciwo ya yi shiru shi ne lokacin da aikin ya fi wuya, domin ba mai tsoro, kuma a lokacin ne maruƙa su ke girma ba kariya. A yi shawara da ardo kafin a sa rana, a kai magani da sanyinsa, a faɗi gaskiya in dabba za ta yi zazzaɓi, kada a karɓi abin da ba a ce a karɓa ba, a kuma komo baɗi kamar yadda a ka yi alkawari. Allah ya kiyaye dukiyar talakawa, ya ba ƙasa lafiya da damina mai albarka, amin.